Wayar da ɗan haya ya bari a silin

Makon jiya na raka ƙanena duba ɗakin da zai kama haya a nan Kano. Wanda ya tashi ya kwance fankarsa da fitilarsa ya tafi da su. Ba laifi, da guminsa ya saya. Sai dai a tsakiyar silin ga wayoyi biyu, ja da baƙa, suna reto tsirara, an ɗan naɗa wa ɗaya ledar burodi. Da na nuna wa dillali, sai ya ce, "Haba Malam, ai tun shekaranjiya ba wuta a unguwar nan."

Wannan "ba wuta" ɗin ita ce tarkon. Tun zamanin NEPA har bayan 2013 da aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni, wa aka taɓa yi wa sallama kafin a kawo ta? Kana bisa tsani, waya a hannu, sai dai ka ji ihun yara a waje, alhali bolt 230 ta riga su isowa jikinka. Balle yanzu da gida ɗaya zai haɗa janareta da sola.

Makunnin bango ma ba abin dogaro ba ne. Wani mai wayarin a kan baƙar waya yake ɗora shi maimakon ja, ƙwai ya mutu amma wuta na nan laɓe. Daga tushe ake kashewa: a sauke babban makunni, ko a zare fiyus a jefa aljihu kada wani ya mayar. Tasta kuwa sai an gwada ta a soket mai wuta kafin a yarda da shirunta. Sannan kowace waya a ɗaure bakinta daban cikin kwanekta, a tura su akwatinsu a rufe. Baƙin salatif kaɗai, zafin Afrilu kan saki gam ɗinsa. In an gama da layin gaba ɗaya, a kira mai gyaran wuta ya cire shi daga inda ya taso.

Abin da ke ci mini rai, wanda ya bar wayar ba shi za ta ja ba. Mai fenti ne da jiƙaƙƙen burushi, ko amarya mai kakkaɓe yana, mutanen da bai taɓa gani ba. Ya sami lokacin kwance ƙusa huɗu don fankarsa, ya rasa na rufe waya biyu.

Ƙanena dai ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya ce wa dillali sai ranar da aka rufe ta.