Zazzaɓin Aladu na Afirka: Cutar da Ba Ta Kama Mutum, Amma Mutum Ke Yawo da Ita

A ƙarshen Nuwamban 2025 hukumomin Sifaniya suka tabbatar da ɓullar zazzaɓin aladu na Afirka a jikin aladun daji kusa da Basalona, bayan shekara talatin da ƙasar ta rabu da shi. Wataƙila ka ce ina ruwanka, tunda ba ka kiwon alade, ba ka kuma cin namansa. Ɗan dakata.

Da farko ka kwantar da hankalinka: wannan ƙwayar bairos ba ta kama ɗan Adam. Aladu take kamawa, kuma nau'inta mai tsanani yakan kashe kusan duk wanda ya kamu cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Babu maganinta. Biyetnam ta amince da allurar rigakafi a 2023, amma yawancin ƙasashe ba su karɓe ta ba tukuna.

Abin da ya sa ta gagari ƙasashe shi ne naci. A gabashi da kudancin Afirka, inda aka fara bayaninta a Kenya a 1921, tana zaune a jikin gadu ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, da kuma jikin wata irin kaska mai zama a raminsa, wadda za ta iya riƙe ƙwayar shekaru. Aladen gida da ya tsira yakan ɗauke ta a jininsa makonni bayan ya miƙe ya koma cin abinci. A nama kuwa lamarin ya fi muni: takan yi watanni a naman da aka sa wa gishiri ko aka busar, ta yi shekaru a wanda ya daskare a firiza. Jini, kashi, takalmin ma'aikaci, tayar mota, duk hanya ce. A 2007 ta isa Jojiya, ana kyautata zaton ta ragowar abincin jirgin ruwa da aka zuba wa aladu. Daga nan ta ratsa Rasha da gabashin Turai, ta shiga Sin a Agustan 2018.

A Najeriya annobar 1997 ce ta buɗe mata ƙofa, kuma har yau ba ta fita ba. A 2020 ta yi mummunar ɓarna a Oke-Aro, babbar matattarar masu kiwon aladu a iyakar Legas da Ogun. A nan ba gadu ne babban mai laifi ba, ciniki ne. Mai kiwo ya ga biyu sun mutu da safe, ya san ba lallai a biya shi diyya ba in ya kai rahoto, sai ya kwashi sauran ya kai kasuwa kafin su faɗi. Da wuya ka zarge shi, kuɗin makarantar 'ya'yansa ne a garken nan. Amma ka duba kasuwa irin ta Kafanchan, inda aladu ke haɗuwa daga Kudancin Kaduna da Filato da maƙwabta, a loda su zuwa kudu. Alade ɗaya mai ɗauke da ƙwayar ya isa. Muddin kai rahoto yana nufin asara ga talaka, dokar hana zirga-zirgar dabbobi a takarda za ta tsaya.

To ina ya shafe ka? Ga ɗaya da mu likitoci muke gani. Hefarin, allurar hana daskarewar jini da ake amfani da ita wajen wankin ƙoda da tiyatar zuciya, galibi daga hanjin alade ake samo ta, kuma Sin ce babbar mai samar da ɗanyen sinadarin. Da garken ƙasar ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari a 2019, har 'yan majalisar Amurka sai da suka rubuta wa hukumar magungunan ƙasarsu suna tambayar ko za a yi ƙarancinsa. Asibitocinmu daga waje suke sayo shi, kuma in ya yi tsada mara lafiya ke biya. In kana da damuwa ta addini a kan asalinsa, malamai da dama sun halatta shi saboda larura. Kada ka ƙi allurar kafin ka yi magana da likitanka.

Na biyu, kada "ba ta kama mutum" ta ruɗe ka. Mai kiwo ba zai iya bambance wannan zazzaɓi da wasu cututtukan aladu da ido ba, kuma cikinsu akwai masu kama mutum ta rauni a hannu lokacin fiɗa, har su kai ga sanƙarau.

In kana kiwo, ko kana da maƙwabcin da ke yi, ka sani cewa sabon alade a ware shi wata guda kafin ya shiga garke. Kada a ba su ragowar abinci mai nama, kada dillali ya shiga cikinsu da takalminsa. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi, ba a jefa shi rafi ba, sannan a kira likitan dabbobi a ranar.