Makarantunmu Na Ƙauye: Wannan Ware Kai Ya Isa Haka



A ƙauyukan Oke-Ogun, tsakanin Iseyin da Shaki, sai ka tarar da makarantar 'ya'yan makiyaya mai malami ɗaya, ga ta Yarabawa nan kusa, malamai biyu na fama da aji shida. Wa ya hana su haɗa kai? Mu iyaye! Wai kada yaranmu su lalace.

Wace lalacewa? Yaron da zai girma yana dangwala hannu a takardar da bai iya karantawa ba, ai shi aka lalata.

Malamin lissafi ya kwana biyu nan, ya kwana uku can. Littattafai su riƙa zagayawa. Ƙwallo da gonar makaranta a yi tare. Yaran da suka yi shuka a kunya ɗaya da wuya su zare wa juna adda gobe, kuma ba mu manta Igangan a 2021 ba.

An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya tun 1989, dokar UBE ta 2004 ta ce firamare kyauta ce kuma dole. Saura namu. Ardo, Sarkin Hausawa, don Allah ku zauna da Baale kafin a koma hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa mu gane.