Mudun Da Ake Auna Mu Da Shi Na Wane Ne?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, duk wanda ya karanci harkar kasuwancin ƙasa da ƙasa a jami'a ya haɗu da wani jadawali da ake cewa yana nuna bambancin al'ada tsakanin ƙasashe. Malamai suna rubuta shi a allo, ɗalibai suna kwafa cikin kundin digiri, kamfanonin waje kuma suna dubawa kafin su yanke shawarar inda za su zuba jari. Abin takaici, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda aka samo waɗannan alƙalumma da ake yi mana hukunci da su.

Ga asalinsu. Tsakanin 1967 da 1973 wani Bature ɗan ƙasar Holan mai suna Geert Hofstede ya tattara takardun tambayoyi kimanin 116,000 daga ma'aikatan kamfanin IBM a sassan duniya. A 1980 ya fitar da littafinsa, inda ya ce ana iya auna al'adar kowace ƙasa ta fuska huɗu: girman tazarar da ke tsakanin shugaba da na ƙasa da shi, fifita kai a kan jama'a, halin gasa da ya danganta da maza, da gudun abin da ba a da tabbas a kansa. Da aka zo kanmu, sai aka tarar ma'aikatan ba su da yawa, saboda haka aka cusa Najeriya da Gana da Saliyo cikin buhu ɗaya, aka kira su Afirka ta Yamma, aka ba su maki 77 a tazarar shugaba da 20 a fifita kai. Amurka, wadda ta sami 40 da 91, tana zaune ita kaɗai a layinta. Jamhuriyar Nijar kuwa ba ta cikin binciken ma sam.

A 1988 Bruce Kogut da Harbir Singh suka ƙara gishiri a miya. Sun harhaɗa fuskokin nan huɗu suka mai da su lamba guda, wadda suka kira nisan al'ada, domin su bayyana yadda kamfanonin waje ke shiga kasuwar Amurka. Tun daga lokacin masu bincike bila adadin suka rungumi wannan lissafi, domin kuwa yana da sauƙi, ba ya bukatar mutum ya taka ƙafa zuwa ƙasar da yake magana a kanta.

To, mu tambaya: ma'aikacin IBM na 1970, mai ilimin boko da albashi da ofis mai sanyi, shi ne wakilin bafataken Kano da manomin Gboko da masuncin Bonny? Hofstede ya kare kansa da cewa tun da ma'aikatan duk na kamfani ɗaya ne, bambancin da ya rage na ƙasa ne kawai. Wannan hujja tana iya nuna yadda ma'aikatan IBM suka bambanta da juna, amma ba ta isa ta faɗa mana halin waɗanda ba a tambaya ba, alhali su ne masu kasuwa da masu saye. A 2002 Brendan McSweeney ya nuna cewa a ƙasashe 15 waɗanda suka amsa tambayoyin ba su kai 200 ba. Daga baya an fito da alƙalumman Najeriya ita kaɗai, amma cutar tana nan, wato lamba ɗaya ga mutane fiye da miliyan 200 masu harsuna fiye da 500.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar kan iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata a matsayin iyakar al'ada. Ingila da Faransa ne suka raba ƙasar Hausa da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, alhali kuwa sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19. Ɗan kasuwar Katsina in ya je Maraɗi, harshe ɗaya ne, addini ɗaya, hanyar ciniki ɗaya, amma a lissafin masanan nan ya fita waje. In kuwa ya je Fatakwal, inda zai nemi tafinta, wai yana gida. A 2014 Jenny Aker da abokan aikinta sun binciki farashin gero da wake a kasuwannin Nijar da Najeriya, suka gano cewa tasirin kan iyaka yana raguwa inda kabila ɗaya ke ɓangarorin biyu, kuma a cikin Nijar kanta akwai giɓin farashi tsakanin kasuwannin Hausawa da na Zabarmawa. Ashe abin da kakanninmu masu fataucin goro daga Gwanja suka sani, cewa amana da maigida da dillali su ne ke rage nisa, shi ne bincike ya zo ya tabbatar.

Su kansu masanan sun san da wannan. A 2001 Oded Shenkar ya yi gargaɗi cewa lissafin yana ɗauka nisa daga nan zuwa can daidai yake da daga can zuwa nan, kuma al'ada ba ta canzawa da zamani. Duk wanda ya ga yadda ake tarbar kamfanin Turai a Legas, ya kuma ga wahalar da ɗan kasuwarmu ke sha kafin ya sami bizar Turai, ya san nisan ba ɗaya ba ne. Binciken GLOBE da aka buga a 2004, wanda ya shafi al'ummomi 62, ya raba Jamus gida biyu, ya raba Siwizalan biyu, ya raba Afirka ta Kudu biyu, amma ya bar Najeriya dunƙule. Wanda ke riƙe da mudu shi ke zaɓar wanda za a auna da kyau.

Kada wani ya ce wannan gardamar malamai ce kawai. Alƙalumma suna jan kuɗi, shi ya sa ake murɗa su. A 2021 Bankin Duniya ya daina buga rahotonsa na sauƙin kasuwanci bayan an gano an taɓa alƙalumman wasu ƙasashe, ciki har da Sin da Saudiyya, alhali gwamnatocinmu sun yi shekaru suna sauya dokoki domin su hau matsayi a wannan jadawali.

Ba mu ce a daina awo ba, domin ciniki ba ya yiwuwa sai da mudu. Abin da muke cewa shi ne sassan nazarin kasuwanci na jami'o'inmu su daina karɓar kundin da ya kwafo makin Afirka ta Yamma ba tare da ya faɗi daga ina ya fito ba. A tura ɗalibai Dawanau da Kantin Kwari da Jibiya su tambayi masu harkar yadda suke ba da bashi da wanda suke yarda da shi. Ku kuma matasan ma'aikata, in baƙon masani ya ajiye muku jadawali a tebur, ku tambaye shi mutum nawa aka tambaya, a wane gari, a wace shekara. In ya kasa amsawa, ku mayar masa da takardarsa.