Kada A Sayar Da Algaitar Gado

Akwai wani abin busa na Turawa da a ke kira saksafon. Da tagulla a ke ƙera shi, ƙarshensa a lanƙwashe kamar lofe. In an bi dangi ɗan'uwan algaitarmu ne, gama dukansu ɗan karan bakinsu ne ke ba da murya. Wani mutumin Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙago shi, ya yi masa rajista a Faris cikin 1846.

A Turai da Amurka akwai masu kuɗi da ba su da buri sai tara tsofaffin saksafon. Sun fi farautar wani iri mai suna Mark VI, wanda kamfanin Selmer na Faris ya soma ƙerawa a 1954. Kowane ɗaya da lambarsa a jikinsa, da ita a ke gane shekarar da aka yi shi. Cikin 1994 aka yi gwanjon wani saksafon a Landan, shi na roba ne ma, aka saye shi fam 93,500. Dalili kuwa shi ne an tabbata Charlie Parker, gwanin busa na baƙaƙen Amurka, ya busa shi a Toronto cikin 1953. Mutanen birnin Kansas, inda ya tashi, su suka biya, suka mayar da shi gida.

To, jama'a, roba nawa ta ke? Abin da ya ci kuɗin nan shaida ce, watau sanin wanda ya riƙe abin, da wurin, da shekarar.

Mu dawo gida. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a Kano. Ashe kakakinmu ya girmi saksafon da fiye da shekara 300. Zurmi da Kauran Namoda garuruwan Alibawa ne, waɗanda suka taimaki Shehu Usmanu har aka ci Alkalawa a 1808. Gidajen sarauta irin waɗannan ba su rasa tsohon tambari, da kakaki, da algaita, da mabusan da suka gaje su kaka da kakanni. Amma ku tambayi ɗan gidan mabusa wa ya sassaƙa algaitar kakansa, wa ya ɗinka mata fata, wane sarki aka fara yi wa busa da ita. In tsohon da ya sani ya rasu, shi ke nan, littafi ya ƙone.

Mutum uku na ke jayayya da su a kan wannan.

Na farko ya ce, "Ga yunwa, ga dillali da kuɗi a hannu, me zan yi da tsohon itace?" Ban raina yunwa ba. Amma dillalin tsofaffin kaya ba don tausayi ya taka ƙofarka ba. Zai ba ka kuɗin hatsin kwana kaɗan, shi ya kai wa mai tarawa a wata ƙasa ya ci riba ninki ba ninki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun 1953 kuma akwai doka a Nijeriya wadda ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Hatsin zai ƙare, algaitar ba ta dawowa.

Na biyu ya ce kayan roƙo ne, ba su kamaci mai karatu ba. Ba kiɗan banza na ke kiran kowa zuwa gare shi ba. Tambari da kakaki alamun sarauta ne, ba a buga su ko busa su don kowa da kowa. Wanda ya san take, da ya ji busa daga nesa ya san wane basarake ne tafe. Wannan ma karatu ne, ya kuma riga allon makarantar dare zuwa ƙasar nan.

Na uku mai kyakkyawar niyya ne, ya ce a kwashe duka a kai gidan ajiye kayan tarihi, kamar na Jos da aka buɗe a 1952, ko Gidan Makama na Kano. Wanda ya tsage, ba mai gyara shi, a kai shi, ya fi a bar wa gara. Amma algaita mai rai ba ta bayan gilashi ba ce. Gwaninta yana cikin kumatun mabushi, wanda kan ja numfashi ta hanci busa ba ta yanke ba. Wannan ba a rataye shi a bango, sai yaro ya zauna gaban babba shekara da shekaru. Ko masu tara saksafon, na ƙwarai cikinsu su kan gyara shi don a busa.

Abin ya zama na gaggawa. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, mutane da yawa sun bar gidajensu, mai gudu da dare kuwa 'ya'yansa ya kan ɗauka, ba kayan rataye ba.

Saboda haka, ku da kuka ci jarrabawar yaƙi da jahilci, ga aikinku. Mu akawuna mun san abin da bai shiga rajista ba, gobe sai a ce ba a yi shi ba. Ku sami littafi da fensir, ku je gidan mabusa da makaɗan garinku da ladabi. Ku rubuta sunan abin, da wanda ya yi shi, da waɗanda suka riƙe shi bi da bi, da taken da a ke yi da shi. Mai wayar hannu ya ɗauki muryarsa. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da ba a ɗauki muryarsa ba da yau sai labari. Ku yi takarda biyu, ɗaya ta zauna wurin mai abin, ɗaya a kai fada.

Da tsohuwar zuma a ke magani. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya sa mu riƙe amanar magabata, amin.