Kannywood, mu ma fa 'yan kallo ne

Ranar kasuwa a Balan, in ka leƙa rumfar mai cajin waya, za ka tarar da matasa sun yi layi kowa riƙe da mimori. Ana tura masu sabon zango na Labarina ko Izzar So, su ba da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, su wuce. Da daddare mutum biyar ko shida su haɗa kai a kan waya ɗaya. Haka ake kallon fim a nan, haka ake yi a Ajingi, haka ake yi a ƙauyukan Gaya. Kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan idanun da ke shiga lissafin mai fim.

Wannan ne ya sa duk lokacin da na ji furodusa a rediyo yana cewa "abin da 'yan kallo ke so muke ba su", sai in ce a raina: waɗanne 'yan kallon?

A da, kasuwa a fili take. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, kaset ake sayarwa, daga baya faifai. Dillali ya ɗauko kaya daga Ƙofar Wambai, su isa har ƙauye, kuɗin ɗan ƙauye su koma Kano. Shi ya sa marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan nan kusa da mu, ya yi sarautarsa da rigar talaka da bakin talaka har ya rasu a 2014. Mai saye ya ga kansa a ciki.

Faifai ya mutu, tura ta kashe shi. Yanzu hanyoyin kuɗin su ne YouTube, da tashoshi irin Arewa24, da ɗan abin da ake samu a sinima a cikin birni. To, YouTube ba ya biya don an kalla kawai, daga talla yake biya, kuma tallar da aka nuna wa Bahaushen Landan ko Jidda ta fi wadda aka nuna wa na Najeriya tsada. Haka kuma in bidiyo ya yi tsawo, ana iya cusa talla a tsakiyarsa. Ka ga dalilin da ya sa labarin da zai ƙare a awa biyu ake jan sa zango bayan zango, a yi minti goma ana gaisawa a falo, a yanke daidai inda za a buɗe ƙofa.

Sinima kuwa wani gasar ce daban. Tun da fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, ya haura naira biliyan ɗaya a farkon 2024, hira ta koma "nawa ya kawo?" Ba a cika tambayar me ya ce ba. Namu ma sun kamu, alhali mu a arewa gidajen sinimar ba su da yawa, kuma kuɗin tikiti da na mota daga Balan zuwa Kano ya isa cefanen kwanaki.

Ban ce neman kuɗi laifi ba ne. Mai kyamara yana da iyali, mai haɗa sauti yana biyan haya, wanda ya zuba jarinsa kuma ba sadaka ya yi ba. Sana'ar da ba ta ciyar da mai ita mutuwa take yi. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora mana laifin. An saba mana da gidan bene da motoci da rikicin kishiya, sannan a ce mu muka nema. Yaron da tuwo kaɗai ake ba shi ai tuwo zai ce yana so.

Kuma labarai ba su ƙare ba. Tarihin baka ya ce daga Gaya maƙera suka tashi suka je Dutsen Dala neman tama, wato Abagayawa, tushen birnin Kano. Wa ya mayar da wannan fim? Ga saurayin da ke tafiya cirani Legas da rani ya dawo da damina. Ga manomin da ya ci bashin taki ruwa ya ɗauke. Ga yarinyar da ta ci jarabawa ba a da kuɗin rajista. Duk akwai soyayya da dariya da kuka a ciki. Mai Martaba, na Prince Daniel Aboki, labarin sarauta ne da Hausa, kuma shi Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar. Ashe dai ana iya fita daga falo a tsira.

Amma mu ma matasa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Muna zagin fim a Facebook da rana, da dare mu ne a gaba wajen neman ci gabansa. Kuɗin da muke ba mai tura, ko sisi ba ya zuwa hannun wanda ya sha rana ya ɗauki fim ɗin. Wanda bai biya ba, da wane baki zai yi oda? In kana da ɗan data kuma ka ga aiki mai kyau, ka kalle shi a tashar mai shi, ka faɗi abin da ya burge ka, ka tura wa abokai adireshin. A wannan kasuwar, wannan ita ce ƙuri'arka.

Su kuma masu sana'ar, da Ali Nuhu da ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun 2024, ya kamata su zauna da masu turar nan a samo tsarin da kowa zai ci, tunda ta hannunsu fim ke isa ƙauye. Ranar da kuɗin Balan ya fara isa ga mai fim, ranar za a fara ganin Balan a fim.