Abinci Ne Ko Ƙwaya?

A 'yan shekarun nan kantunan magani da tashoshin mota sun cika da kwalaben ƙwayoyin bitamin da garin itatuwa da aka ɗura a ƙwanso, ana tallarsu da sunan ƙarin lafiya da kuzari. Har ta kai magidanci kan rage kuɗin cefane domin ya sayi kwalba ɗaya, yana ganin ya yi wa iyalinsa gata. Wannan ciniki akwai asara a cikinsa, domin abin da ke cikin akushi ya fi abin da ke cikin kwalba, in dai ba likita ne ya ga wani rashi ya rubuta ba.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga masu binciken da suka so tabbatar da amfanin ƙwayoyin. An daɗe da lura cewa masu yawan cin karas da ganyaye ba su cika kamuwa da ciwon daji na huhu kamar sauran jama'a ba, sai aka zaci sinadarin beta-karotin da ke cikinsu shi ne sirrin. A ƙasar Finlan aka tara maza mashaya taba kimanin 29,000, aka riƙa ba wasunsu wannan sinadari a ƙwaya na tsawon shekaru. Da sakamako ya fito a 1994, sai ga shi ciwon ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha. Wani gwajin makamancinsa a Amurka, dole aka dakatar da shi a 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, saboda ƙaruwar ta kai kashi 28. Karas dai bai cuci kowa ba. Abin da aka tsamo daga cikinsa aka ninka shi ne ya yi ɓarnar.

Dalili kuwa shi ne sinadaran abinci tare suke aiki. Man gyaɗa da ƙulin da ake zuba wa kwaɗon zogale su ke taimaka wa hanji ya tsotsi bitamin A da ganyen ke samarwa. Bitamin C na lemo ko garin 'ya'yan kuka yana sauƙaƙa wa jiki karɓar sinadarin ƙarfe daga wake da gero. Ga kuma harzar da ke gyara ciki, wadda galibi ƙwaya ba ta da ita. Bugu da ƙari, ƙoshi kan tsayar da mai cin abinci, amma mai haɗiyar ƙwaya babu abin da zai tsayar da shi, alhali bitamin A da ya yi yawa taruwa yake yi a hanta, kuma yana iya cutar da ɗan tayi.

Ba a ce ƙwaya ba ta da rana ba. Mai juna biyu tana buƙatar folik asid da ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo. Ɗigon bitamin A da ake yi wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 yana kare su daga dundumi da makanta, gishiri mai aidin kuwa ya rage maƙoƙo ƙwarai a Nijeriya. Sai dai duk waɗannan magani ne na sanannen rashi, da sanannen awo, ga sanannun mutane.

Malamin makaranta, musamman a karkara, shi ne ɗan boko na farko da iyaye kan kawo wa kwalba su ce ya karanta musu. Ya kamata ya duba lambar rajistar NAFDAC, ya kuma bayyana musu cewa lambar ba shaida ce ta cewa yaro na buƙatar abin ba. In yaro ya rame ko ya ɗashe, asibiti za a kai shi a auna jininsa. In kuwa kwalbar ta garin zogale ce, sai ya tambayi mai gidan ko bishiyar da ke jikin dangarsa ta daina tofo.