An Ƙirga Giwaye, An Ƙirga Shanu, Makiyayi Fa Wa Ya Tambaye Shi?



Gandun dajin Comoé da ke arewa maso gabashin Kwaddibuwa ya fi murabba'in kilomita 11,000. A 2003 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari, a 2017 ta cire shi. Madalla. Ba mu ƙi a kare giwa da ɓauna ba.

To amma wane irin bincike ne wannan? Masana su hau jirgin sama, su ƙirga namun daji, su ƙirga shanun da suka shiga gandu, sannan su rubuta wai makiyayi ne matsala. Sun sauko sun tambaye shi abin da ya kai shi? Gonakin yazawa sun cinye burtali, mashaya ta ƙafe da rani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba mu manta rayukan da suka salwanta a Bouna, gefen gandun, a Maris 2016 tsakanin manoma da makiyaya ba. Matsi ke haifar da haka.

Mu da ke Abijan kada mu ce babu ruwanmu. Naman kasuwar Adjamé da tsiren Treichville daga garkunan arewa suke zuwa.

Muna kira ga OIPR, hukumar da ke riƙe da gandayen ƙasar tun 2002: a ba ardo kujera a kwamitin gandu, a shata burtali, a gina madatsun ruwa a wajen iyaka. A ba mu hanya, mu kuma mu hana yaranmu shiga.

Allah Ya sa mu dace, amin.